Danna 5 Ka Jefa Kwabo: Yadda Ake Tayar Da Tsofaffin Wasannin Akwati A Kwamfuta

(Kiɗan buɗe shiri, sannan ya yi ƙasa)



Ranar Asabar da ta wuce, na fito daga sallar La'asar a Masallacin Sultan Bello, ina takawa a hankali zuwa gida a nan Unguwar Sarki, sai ga ɗan ƙanwata ya tare ni a bakin layi. Yaro ne ɗan shekara sha huɗu. Ya rungume tsohuwar laftof ɗin babansa a ƙirji, ido ya yi ja. Ya ce, "Kawu, na kashe ta." Na ce, "Me ka kashe?" Ya buɗe mini. Kwamfuta dai tana nan da ranta, amma komai na fuskarta ya juya, sama ta koma ƙasa, agogon da ke kusurwa yana reto kamar jemage. Na tambaye shi abin da yake yi. Ya ce wani tsohon gem yake bugawa, na zamaninku. Na zamaninmu, in ji shi, sai ka ce zamanin Sarauniya Amina.

Zan faɗa muku yadda muka warware wannan juyin, amma sai can gaba. Abin da ya sa na kawo labarin shi ne, a yammacin nan na zauna da yaron har kiran Magariba, na ga duk ramukan da mai farawa yake faɗawa, ɗaya bayan ɗaya. Shi ya sa yau za mu yi magana a kan yadda mutum zai buga tsofaffin wasannin akwati a kwamfutarsa ta gida.

Mene ne wasan akwati? Shi ne wanda Turawa ke ce wa arcade. Akwati ne na katako, tsayinsa ya kai tsayin mutum, da talabijin a ciki, da sandar juyawa, da maɓallai, da wata 'yar kafa da ake jefa sulalla. Ka jefa, ka buga, in ka mutu ka sake jefawa. Akwati ɗaya, galibi wasa ɗaya. Mu dai a Kaduna, yawancinmu ba a tsaye gaban akwati muka san waɗannan wasanni ba. A zaune muka san su, kan benci a gidan gem, gaban talabijin da Sega, mai shago yana riƙe da kuɗi yana ƙirga wanda ya ci da wanda zai tashi. Mortal Kombat da Street Fighter da muka riƙa kashe kuɗin tara a kansu, asalinsu na akwati ne. Wanda ya iso mana a kaset ɗin Sega ƙaninsa ne, an rage masa launi da sauti don ya shiga ƙaramin inji. Wanda ya fara ganin na asalin yau zai gane cewa shekara da shekaru romo muke sha, naman yana wani wuri.

Abin ya yi ƙarfi ne a Japan. A 1978 wani injiniya mai suna Tomohiro Nishikado na kamfanin Taito ya fito da Space Invaders, inda wasu halittu 55 suke saukowa sahu-sahu kai kuma kana harbinsu daga ƙasa. Akwai wani abu a wasan nan da nake so ku riƙe. Duk lokacin da ka rage yawan halittun, sauran sai su ƙara sauri. Asalin wannan saurin daga raunin injin ne. In halittun suna da yawa, zana su yana yi masa nauyi, in sun ragu sai ya samu sauƙi ya ruga. Nishikado ya ga abin ya yi daɗi, ya bar shi haka. Ashe ke nan wasan da injinsa a haɗe suke kamar jini da tsoka. In kana son wasan yadda yake, dole ka nemo injin, ko ka nemo mai kwaikwayonsa.

Bayan shekara biyu, a 1980, Toru Iwatani na kamfanin Namco ya kawo Pac-Man, ɗan ƙwallon nan ruwan ɗorawa mai cin ɗigo-ɗigo, dodanni huɗu suna binsa. A 1981 Nintendo suka kawo Donkey Kong, inda Mario ya fara bayyana. Sai 1991 Capcom suka saki Street Fighter II mai maɓallai shida, Ryu da Ken da Chun-Li da Blanka, 1992 kuma Midway a Amurka suka saki Mortal Kombat.

To ina akwatunan nan yanzu? Katako ya ruɓe, talabijin ɗin ya mutu, allon wutar ya yi tsatsa. Wasu ma da wa'adinsu aka yi su. Allon da Capcom suka fara amfani da shi a 1993 yana da ɗan batir da ke riƙe mabuɗin sirrin wasan, ranar da batirin ya ƙare, wasan ya tafi ke nan. Wannan ɓacewar ce ta dami wasu masu ilmin kwamfuta. Ranar 5 ga Fabrairu, 1997, wani ɗan Italiya, Nicola Salmoria, ya saki wata manhaja mai suna MAME. Harafi huɗu ne: M, A, M, E. Da wasanni ƙalilan ta fara. Yau tana ɗauke da dubbai, 'yan sa-kai daga ƙasashe daban-daban suna ta aiki a kanta, kusan kowane wata sai sun fitar da sabuwa, kuma kyauta ce.

Masu MAME sun sha faɗa cewa burinsu adana tarihin injinan ne, buga wasan riba ce da ta zo a kan hanya. Ni abin yana tuna mini Gidan Arewa da ke nan titin Rabah, inda ake tattara tsofaffin takardu don kada gara ta cinye. Bambancin kawai, abin da waɗannan suke adanawa yana motsi, yana kuka, kana iya sa hannu ka taɓa.

Irin wannan manhaja ita ake kira emuleta, wato mai kwaikwayon inji. Ga yadda take aiki. Ƙwaƙwalwar da ke cikin akwatin Pac-Man sunanta Z80, kuma tana da yarenta. Ƙwaƙwalwar laftof ɗinka ba ta jin wannan yare. Sai emuleta ta tsaya a tsakani kamar tafinta a kotu. Wasa ya yi magana da yaren Z80, ta juya wa laftof, laftof ta aikata, ta mayar wa wasan amsa. Shi wasan bai san an yi ba, a zatonsa yana cikin akwatinsa a wani shago a Tokyo. Kuma kada nauyin aikin ya ba ka tsoro. Z80 ɗin Pac-Man tana gudun megahaz 3 da 'yan kai ne, laftof ɗin da ka saya kwance tana gudun dubbai. Umarnin wasan gaba ɗaya kilobait 16 ne. Hoton biki ɗaya da aka turo maka a WhatsApp ya ninka shi sau da yawa. Saboda haka tsohuwar kwamfutar da aka jefa saman durowa ta isa, muddin wasannin 1980 zuwa tsakiyar shekarun 1990 kake nema. Sai in ka haura zuwa irin su Tekken 3 ne za ta fara haki.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Yanzu wanda ke da biro ya ɗauko.

Abu biyu kake buƙata, kuma mu da muka yi zamanin kaset ba za mu sha wahalar ganewa ba. Akwai rikoda, akwai kaset. MAME ita ce rikoda. Kaset ɗin shi ake kira ROM, wato kwafin abin da ke rubuce a cikin 'yan ƙwayoyin da ke jikin allon akwatin. Rikoda ba kaset, shiru za ka ji.

Ka shiga shafin masu ita, mamedev.org. Zan maimaita: m, a, m, e, d, e, v, ɗigo, o, r, g. Can kaɗai nake ba da shawarar a sauke ta. Nauyinta bai kai na fim guda ba, don haka data ba za ta yi kuka ba. Sababbin fitowarta, Windows mai 64-bit suke so. In taka ta tsufa sosai, akwai tsofaffin fitowa a ajiye a shafin. Kafin ka buɗe abin da ka sauke, ka ƙirƙiri folda guda, ka sa mata suna mame, ka ce a zazzage komai a ciki. Ba a girka ta kamar sauran manhajoji, a foldar nan take zaune, har kana iya kwashe ta a filasha ka kai wata kwamfutar.

A cikin foldar za ka ga wata ƙarama mai suna roms. Nan ne ɗakin kaset. Wasan zai zo maka a ɗaure, sunansa yana ƙarewa da zip. Kada ka kwance shi, kada ka sake masa suna. Ɗan ƙanwata, saboda tsabar son tsari, ya bi wasanninsa ɗaya-ɗaya ya raɗa musu sunaye masu kyau, har da "gem ɗin faɗa na ɗaya". MAME ta buɗe ta ce ba ta san kowa ba. Ita da gajeren suna take gane wasa, sf2 shi ne Street Fighter II, dkong shi ne Donkey Kong. Yadda ya zo, haka za ka jefa shi.

Sai ka buɗe MAME, ka zaɓi jerin waɗanda kake da su, ka danna wasan. Da farko za ka ga wasu zane-zane da lambobi suna wulgawa kamar abin ya lalace. Lafiya lau. Injin ne yake duba jikinsa, yadda yake yi a 1980 in mai shago ya kunna shi da safe. Daga nan wasa zai fito yana buga kansa, ka danna nan, ka danna can, ya ƙi kula ka. Yaron nan ya yi minti goma a haka. Dalili kuwa, akwati ne, bai ga kuɗi ba. Ka danna lamba 5, za ka ji ƙarar kwabo ya faɗa. Sannan ka danna lamba 1, wasa ya fara. Abokin karawarka kuma 6 ne kwabonsa, 2 ce farawarsa. Kibiyoyi su ne tafiya, Ctrl da Alt da dogon maɓallin tazara su ne bugu. Esc ita ce fita. Tab kuwa ita ce ke buɗe ɗakin gyare-gyare, inda za ka sauya kowane maɓalli zuwa wanda hannunka ya fi so.

Na tuna ranar da na fara danna 5 ɗin nan sau goma a jere, na ga kuɗi yana ta hawa ba tare da na taɓa aljihu ba. Wallahi sai da na waiga, ko mai shago yana kallona.

To, mu zo babban rami, wanda ya fi cin mutane. A nan zan ɗan daɗe.

Ka sa wasa a inda ya dace, sunansa daidai, ka danna, sai allo ya fito da jan rubutu, ko ya jero sunayen fayiloli kowane da NOT FOUND a gabansa, ma'ana ba a samu ba. A nan mutane suke yanke ƙauna. Wani ya ce kwamfutarsa ce ba ta da ƙarfi, wani ya goge MAME ya sake saukewa sau uku yana ƙona data. Alhali kwamfuta ba ta yi laifin komai ba.

Duk ɗan Kaduna ya san Fijo, tun da a nan Kakuri aka fara haɗa ta a 1975. In ka je Panteka neman kayan 504, aka miƙo maka na 505, duka Fijo ne, amma in ka kai wa bakanike zai ce maka bai shiga ba. Haka MAME take. Kowace fitowa tana da lamba, irin su 0.78 ko 0.139 ko ɗari biyu da wani abu, kuma kowace tana da kayan da ta sani. Me ke kawo bambancin? Masu aikin nan ba sa daina bincike. Wataƙila a 2003 an kwafi allon wani wasa, amma ƙwaya ɗaya ba ta kwafu da kyau ba, ko kuma an manta da ita. Bayan shekaru wani ya samo allon asali ya sake kwafa daidai. Daga ranar, sabuwar MAME ba za ta karɓi tsohon kwafin ba, domin tana auna kowane fayil da wani lissafi kamar zanen yatsa, in ya saɓa ko da ƙwayar zarra ne sai ta ƙi. Saboda haka dokar ita ce, lambar wasa ta dace da lambar MAME. Masu bugawa a waya da MAME4droid su lura, wadda ta fi yawo a hannun mutane a kan 0.139 aka gina ta, fitowar 2010. Masu manhajar RetroArch kuma in sun zaɓi MAME 2003, kayan 0.78 take ci.

Rami na biyu, uwa da 'ya. Wasa ɗaya yakan fito a siga da yawa, ta Japan, ta Amurka, ta Turai. Don kada a yi ta maimaita kaya, sai aka ɗauki ɗaya a matsayin uwa, sauran 'ya'ya, kowace 'ya tana ɗauke da abin da ta bambanta da shi kawai. In ka kawo 'ya babu uwa, ba za ta tashi ba. Misalin da ya fi shahara shi ne Pac-Man kansa. Sunansa na asali a Japan Puck Man, da zai shiga Amurka aka sauya don gudun kada 'yan ta'adi su kankare harafin farko su mayar da shi zagi. Don haka a MAME, puckman ce uwa, pacman 'ya ce. Su biyun za su kwana ɗaki ɗaya.

Na uku, wasu wasannin gidan haya suke zaune, mabuɗin ƙofar gida ɗaya ne. Duk wasannin injin Neo Geo na kamfanin SNK, irin su Metal Slug na 1996 da jerin King of Fighters, ba sa tashi sai akwai wani fayil mai suna neogeo a cikin foldar roms tare da su. Shi ake kira BIOS. Wasu kuma na baya-bayan nan, kamar Killer Instinct, suna da faifai a cikin akwatinsu, don haka suna buƙatar ƙarin babban fayil da ake kira CHD. Mai farawa ya bar waɗannan tukuna.

Shawarata a nan guda ce, kuma a kanta na fi tsayawa: ka fara da wasa ɗaya. Na san halinmu. Da an ce kyauta, sai mutum ya so ya kwashe kasuwar gaba ɗaya. Cikakken tarin wasannin MAME gomman gigabait ne, in ka haɗa da faifan nan ɗaruruwa ne. Na ga wanda ya cika hadis ɗinsa da wasa dubu, bai taɓa wuce mataki na biyu a ko ɗaya ba, yana ta buɗe wannan yana rufe wancan kamar mai ɗanɗana a kasuwar ƙuli. Wanda ya tayar da wasa ɗaya da hannunsa, ya ga jan rubutu ya gano dalili ya gyara, ya koyi folda, ya koyi zip, ya koyi karanta saƙon kuskure maimakon gudunsa. Wannan ilmin zai bi shi har wurin aiki.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Wani zai ce, to Malam, ina za mu samo kaset ɗin? A nan dole in yi magana tsakani da Allah. MAME halaliyarka ce, kyauta masu ita suka bayar. Amma wasannin suna da masu su. Namco da Capcom da Nintendo da SNK duk suna raye, suna kuma sayar da tsofaffin wasanninsu har gobe. Tsufan abu ba ya mayar da shi na kowa. Mu a nan mun fi kowa sanin zafin satar fasaha, mun ga abin da ta yi wa 'yan fim da mawaƙa da marubutanmu. Najeriya tana da hukumar kare haƙƙin mallaka, kuma an sa hannu a sabuwar dokar a 2023. Saboda haka ba za ku ji na karanto muku shafukan da ake kwasar kayan mutane ba.

Ga hanyoyin da babu ƙura. A shafin mamedev.org ɗin nan akwai sashen wasannin da masu su suka yarda a sauke kyauta don amfanin gida. Akwai Gridlee, akwai Robby Roto, akwai wasu na kamfanin Exidy irin su Circus da Targ. Ba su yi suna kamar Pac-Man ba, amma na gaske ne, kuma sun dace da sabuwar MAME, don haka su ne mafi kyawun abin gwaji. In Gridlee ya tashi, ka tabbata rikodarka lafiya take. Sannan kamfanonin da kansu suna sayarwa. Capcom suna da tarin da suka kira Capcom Arcade Stadium, wanda ya fito a 2021, ana samunsa a shagon intanet na Steam, kuma wasan jirgin yaƙi mai suna 1943 kyauta yake zuwa a ciki. Abin dariyar, su ma emuleta suke amfani da ita.

Akwai kuma maganar tsaro. Ni kaina na taɓa ƙonewa. Shekarun baya na kai filasha wani shagon tura fina-finai, na ce a zuba mini tsofaffin gem. Na dawo gida na buɗe, kafin gari ya waye takarduna na aiki duk sun koma gajerun hanyoyi marasa komai a ciki. Kwana biyu ina fama. Ku riƙe wannan: wasan MAME da zip yake ƙarewa, wani lokaci 7z. Duk wanda ya ba ka wasa ka ga sunansa ya ƙare da exe, ko shafi ya ce sai ka sauke wata manhaja ta musamman, ko ka sa lambar wayarka, ko lambar katin banki, to ka ja da baya, tarko ne.

Yanzu mu koma kan laftof ɗin da ta yi adungure. Kun tuna na ce Ctrl da Alt su ne bugu, kibiyoyi su ne tafiya? To a kwamfutoci da yawa masu tsohon tsarin hoto na Intel, in ka haɗa Ctrl da Alt da kibiya a lokaci guda, umarni ne na juya fuskar kwamfuta. Yaro yana tsakiyar faɗa, ya danna naushi da ƙafa, ya danna ƙasa don ya duƙa, sai duniya ta kife. Magani: ka riƙe Ctrl da Alt, ka danna kibiyar sama. Na yi masa haka a gabansa, ya dube ni kamar na yi tsafi. Na ce, "Ɗana, wannan ba karatu ba ne, ni ma sai da ta kife da ni." Akwai ƙanwar wannan matsala. In ka danna Shift sau biyar a jere, Windows za ta yi ƙara ta fito da wani akwatin tambaya a tsakiyar wasa. Duka biyun, ka shiga Tab ka mayar da bugunka kan haruffa, irin su J da K da L, ka huta.

Amma fa madannan laftof ba a yi su don dambe ba. Da yawansu ba sa jin maɓallai uku ko huɗu a lokaci ɗaya, ga shi in yara biyu suka hau su da duka, sati biyu ya isa wani harafi ya ɓalle. Gara ka nemi hannun gem mai igiyar USB, wanda yara ke ce wa pad. Masu kayan kwamfuta a Kasuwar Sheikh Gumi da kan titin Ahmadu Bello suna sayarwa. Ka jona shi kafin ka buɗe MAME, in ba haka ba ba za ta gan shi ba. In kuma ka ga Ryu ya yi ƙiba ya baje, hoton ne aka ja ya cika faɗin allo. Talabijin ɗin wancan zamani ba shi da faɗi irin na yanzu, Pac-Man ma a tsaye nasa yake. Ka bar baƙin da ke gefe da gefe, haka ya kamata ya kasance.

Akwai wani ɗaki a cikin Tab da nake so iyaye maza su leƙa, don su huce haushin ƙuruciya. Sunansa DIP Switches. Waɗansu 'yan makunnai ne da ke ɓoye a cikin akwatin, mai shago kaɗai ke da mabuɗinsu. Da su yake ƙayyade rai nawa za a ba ka da kwabo ɗaya. A Pac-Man yana iya ba ka ɗaya, ko biyu, ko uku, ko biyar. A wasanni da yawa yana iya ƙara wahala. Ashe wasannin nan da gangan aka tsara su su kashe ka cikin 'yan mintuna, don na bayanka ya jefa nasa. Yau mabuɗin yana hannunka. Sai dai ni na lura, in ka ba kanka kwabo ba iyaka, daɗin yana gudu. Wasan Cadillacs and Dinosaurs na 1993, wanda a Pakistan da Indiya ake kira Mustapha saboda wani jarumi mai hula a ciki, in kana danna 5 duk lokacin da ka faɗi, cikin awa ɗaya ka gama shi, ba ka kuma ji komai ba. Ni da yaron nan mun yi yarjejeniya, kwabo uku-uku, wanda nasa ya ƙare ya tashi.

Iyaye mata kuma, na san tambayar da ke ranku, domin mahaifiyar yaron ta yi mini ita. Ta ce, "Yaya, wannan ba caca ba ce?" A'a. Ba kuɗi ake sawa ba, ba kuɗi ake ci ba, ko intanet ba ya buƙata bayan an sauke, ba kuma baƙon da zai shigo ya yi hira da ɗanki. Ta wannan fuskar ya fi wasannin waya da yawa kwanciyar hankali. Amma a duba abin da ake bugawa. Mortal Kombat akwai jini da yanka, har sai da majalisar dattawan Amurka ta zauna a kansa a 1993, abin da ya kai ga kafa tsarin rubuta shekarun da suka dace a jikin wasanni a 1994. Ƙananan yara a bar su da Pac-Man da Bubble Bobble da Galaga. Lokaci kuma a yanka shi tun kafin a kunna, bayan Islamiyya da aikin gida, kuma in ladan ya kira, Esc tana nan a kusurwar hagu ta sama.

Mai kula da na'ura yana ɗaga mini hannu. Wanda ya gwada ya ga jan rubutu, ya rubuto mana abin da allon ya ce harafi da harafi, tare da lambar MAME ɗinsa, za mu duba a mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)